Kajin Causby da Kuɗin Barci: Tarihin Rigimar Ƙarar Jirgin Sama

A shekara ta 1942, lokacin da yaƙin duniya na biyu ke ci, sojojin Amurka suka ɗauki hayar wani filin jirgi kusa da garin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. A maƙwabtakar filin akwai wani mai kiwon kaji, Thomas Lee Causby. Manyan jiragen yaƙi masu inji huɗu suka dinga ratsawa bisa gidansa dare da rana, tsakaninsu da ƙasa bai fi mita 25 ba. Duk sa'ad da jirgi ya taho, sai kajin su firgita su tashi su yi ta karo da bango. Wata rana shida su mutu, wata rana goma, har aka ƙirga wajen kaji 150. Sana'a ta mutu, barci ya gagari mutanen gidan. Sai Causby ya kai gwamnatin ƙasarsa ƙara.

Hujjarsa tsohuwa ce a dokar Turawa: mai fili shi ke da abin da ke ƙarƙashin filin, shi ke kuma da abin da ke bisansa har sama. Gwamnati ta ce sam, sararin samaniya hanya ce ta kowa. A 1946 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ta bakin alƙali William Douglas. Ta ce waccan tsohuwar ƙa'ida ba ta da wurin zama a zamanin jirgi, don in aka bi ta, duk jirgin da ya ratsa ƙasa sai an yi ƙararsa sau dubu. Amma ta ƙara da cewa iskar da ke dab da rufin ɗakin mutum tasa ce, kuma in jirage suka yi ƙasa-ƙasa har suka hana shi cin moriyar filinsa, to an ƙwace masa wani abu ke nan, dole a biya shi diyya.

Ƴan uwa ɗalibai, daga kajin nan ne aka fara wata doguwar gardama wadda har gobe ba a gama ba. Kowa ya yarda jirgin sama abin amfani ne, kowa kuma ya san yana da ƙara. Abin tambaya shi ne wa zai ɗauki asarar ƙarar, kuma nawa ne kuɗinta.

Malamai biyu, shawara biyu

Masana tattalin arziki sun riga jirgin jet sanin wannan matsala. A 1920 wani malamin jami'ar Cambridge ta Ingila, Arthur Pigou, ya yi bayanin irin cinikin da mutum biyu ke ƙullawa, amma ɓarnarsa ta faɗa kan na uku wanda ba a yi shawara da shi ba. Mu a nan mun san abin tun tuni: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Fasinja ya sayi tikiti, kamfani ya ci riba, wanda ke kwance ƙarƙashin hanyar jirgi ya rasa barci, ba ko dala da ta shiga aljihunsa. Tun da kuɗin barcin nan bai shiga cikin tikiti ba, tikitin ya yi araha fiye da yadda ya kamata, kuma kamfani ba shi da dalilin sayen inji mai shiru. Maganin Pigou shi ne a aza wa mai ɓarna lanho daidai da ɓarnar da ya yi, sai ya ji a jikinsa ya rage.

Bayan shekara 40, a 1960, Ronald Coase ya dubi abin ta wata fuska. Ya ɗauko wata tsohuwar shari'a ta Landan tsakanin mai yin alewa da wani likita. Mai alewa ya daɗe yana daka da turamensa ba wanda ya koka, sai likita ya gina ɗakin duba marasa lafiya jikin bangonsa, sannan ya ce dakan ya hana shi aiki. Coase ya ce cutar ta kowane gefe take: in ka hana dakan ka cuci mai alewa, in ka bari ka cuci likita. Abin da ya kamata a nema shi ne wane ne a cikinsu zai iya kauce wa matsalar da kuɗi kaɗan. In mutum biyu ne, kuma an faɗa musu a fili wa ke da haƙƙi, suna iya zama su daidaita, ɗaya ya biya ɗaya.

Kamar dai mai injin niƙa ne da maƙwabcinsa a unguwa. Suna iya zuwa gaban mai unguwa a shirya cewa ba niƙa bayan sallar isha'i. To amma filin jirgi fa? Kamfanoni hamsin a gefe guda, gidaje dubu ɗari a ɗaya gefen. Wace rumfa za ta ɗauke su su yi ciniki? Coase da kansa ya san in masu magana sun yi yawa haka, kuɗin zaman sulhun ya fi ƙarfin kowa, sai dai kotu ko gwamnati ta shiga. Duk dokokin da za mu gani nan gaba, daga ɗayan malaman nan biyu suka sha ruwa.

Zuwan jet, da neman ma'auni

A watan Oktoba na 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigila tsakanin Niyu Yok da Paris da jirgin Boeing 707. Injin jet na wancan zamani yana da wata ƙara mai tsini da ke soka kunne, ba irin gurnanin mai farfela ba. Hukumar da ke riƙe da filayen jirgin Niyu Yok ta ji tsoron ƙararraki a kotu, sai ta ɗauko masana sauti suka ƙirƙiro wani ma'auni da ke auna yadda kunnen ɗan Adam ke jin zafin ƙara. Ta kafa iyaka a maki 112 na wannan ma'auni, ta ce jet ɗin da ya wuce haka wajen tashi ba zai yi aiki a filinta ba. Dole matuƙa suka koyi rage wuta da zarar sun ɗaga, wani lokaci ma a rage kaya da mai.

A nan sai mun ɗan tsaya kan desibel, ma'aunin ƙara, don lissafinsa ba irin na tiya da buhu ba ne. In ƙara ta ƙaru da desibel 3, ƙarfin sautin ya ninka biyu. In ta ƙaru da 10, kunne yana jin kamar ta ninka biyu. Ke nan tsakanin 60 da 70 akwai tafiya mai nisa. Daga baya Amurka ta tsai da desibel 65, matsakaicin yini da dare, a matsayin iyakar da zaman gida ke fara yin wuya. A cikin lissafin kuma, duk jirgin da ya wuce tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe ana ƙara masa desibel 10, wato jirgin dare guda yana zaman jirgin rana goma.

Shari'a ta biyu ta zo a 1962, ta wani mutum mai suna Griggs da ke zaune kusa da filin jirgin Pittsburgh. A nan kotu ta amsa tambayar da shari'ar Causby ta bari: wa zai biya? Ta ce mai filin jirgi ne, tun da shi ya zaɓi wurin, shi ya shata inda titin jirgi zai fuskanta, kamata ya yi ya sayi isasshen fili tun farko. Daga ranar masu filayen jirgi a Amurka suka san ƙara bashi ce a wuyansu.

Ingila kuwa wata hanya ta bi. Tun 1920 majalisarta ta yi doka da ta hana a kai jirgi ƙara don kawai ya ratsa bisa gidan mutum ko ya dame shi. An yi haka ne don a kare sabuwar sana'a tana jaririya. Da aka rufe ƙofar kotu, sai mutane suka koma ƙofar ƴan siyasa. A 1962 aka fara taƙaita jiragen dare a Heathrow, babban filin jirgin Landan. A 1963 kwamitin Wilson ya fid da rahoto kan ƙara, bisa tambayoyin da aka yi wa mazauna kewayen filin, ya nuna ɓacin ran mutane yana bin abu biyu: ƙarfin ƙarar kowane jirgi, da yawan jiragen. A 1966 aka fara ba mutane tallafin toshe tagogi da rufi.

Nawa ne kuɗin shiru?

Shiru ba a kasa shi a kasuwa, amma ana sai da gidaje. Masana suka ce a ɗauki gida biyu masu kama da juna, ɗaya ƙarƙashin hanyar jirgi, ɗaya nesa, bambancin kuɗinsu shi ne farashin shiru. An yi irin wannan bincike a birane da yawa. Da masanin nan Jon Nelson ya tattara na Amurka da Kanada a 2004, ya samu cewa kowane desibel guda na ƙari yana rage darajar gida da wajen rabin kashi ɗaya cikin 100. Ƙarin desibel 10 ke nan ya ci kusan kashi 5 ko 6 cikin 100 na kuɗin gidan.

Babban gwajin wannan lissafi shi ne kwamitin Roskill, wanda gwamnatin Ingila ta kafa a 1968 don ya zaɓi wurin da za a gina wa Landan filin jirgi na uku. Suka tace wurare har suka rage huɗu, suka sa wa komai kuɗi: gini, gonaki, ƙara, da mintocin da fasinja zai ɓata a hanya. Da aka tara, sai kuɗin lokacin fasinjoji ya danne kome, saboda su miliyoyi ne kuma an yi wa sa'ar ɗan kasuwa tsada. Lissafi ya faɗa kan Cublington, wani yankin karkara. A can akwai wata tsohuwar majami'a a ƙauyen Stewkley, ginin ƙarni na 12, wadda a farkon aikin aka kawo shawarar a kimanta ta da kuɗin inshorar gobararta. Wannan ya zama abin dariya da abin fushi a ƙasar. Ɗaya daga cikin ƴan kwamitin, Colin Buchanan, ya ƙi sa hannu, ya ce a kai filin bakin teku. A 1971 gwamnati ta bi bayansa ta zaɓi Maplin, sannan a 1974, bayan tashin kuɗin man fetur, aka yi watsi da aikin baki ɗaya.

Akwai wani aibi cikin auna shiru da kuɗin gida wanda ya kamata mu riƙe. Kashi 5 cikin 100 na gidan attajiri ya fi kashi 5 cikin 100 na gidan talaka nesa ba kusa ba. In ka bi lissafin ido rufe, kullum zai ce maka ka bi da jirage ta bisa unguwar talakawa, wai can asarar ta fi sauƙi. Alhali kunne ɗaya ne, barci ɗaya ne. Ga kuma ɗan haya, wanda in an biya diyya mai gida ke amsa, shi ko shi ke kwana cikin ƙarar.

Dabarun da aka gwada

Dabara ta farko ita ce a kama inji tun daga masana'anta. A 1969 Amurka ta kafa dokar cewa sabon samfurin jirgi ba zai samu takardar izini ba sai ya ci jarrabawar ƙara. A 1971 hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, mai mazauni a Montreal, ta yi irin tata, kuma ta dinga tsaurarawa mataki-mataki: Babi na 2, Babi na 3 a 1977, Babi na 4 a 2006. Nan an yi sa'a guda. Sabon inji mai faffaɗan baki, irin wanda Boeing 747 ya fito da shi a 1970, ya fi shiru kuma ya fi tsimin mai. Da mai ya yi tsada a 1973, kamfanoni suka ruga sayensa don aljihunsu, maƙwabta suka samu sauƙi a kan hanya. A Amurka, mutanen da ke zaune cikin ƙarar da ta kai desibel 65 sun kai wajen miliyan 7 a 1975. Zuwa 2000 sun koma ƙasa da rabin miliyan, duk da fasinjoji sun ninka.

Ta biyu ita ce rufe fili da dare. Filin Orly na Paris yana rufe daga ƙarfe 11 da rabi na dare zuwa 6 na safe tun 1968. A Japan, mazauna kewayen filin Itami na Osaka sun shiga kotu a 1969. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta hana tashi da sauka daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe. A 1981 Kotun Ƙoli ta ce hana jirage ba hurumin irin wannan shari'a ba ne, amma ta tabbatar da diyyar wahalar da aka sha, kuma rufewar daren ta zauna. A Frankfurt ta Jamus sai 2011 aka hana jiragen dare, daga ƙarfe 11 zuwa 5, kamfanonin dakon kaya suna ta kuka don su da dare suke cin kasuwarsu.

Ta uku ita ce ta Pigou. Faransa ta fara amsar wani kuɗi a filayen Paris a 1973 don taimakon maƙwabta. Tun 2005 akwai harajin ƙara da kamfani ke biya duk tashin jirgi, ana lissafa shi bisa nauyin jirgin, da ajinsa na ƙara, da lokacin da ya tashi. Mai tashi da dare ya fi biya. Kuɗin na tafiya wajen sa wa gidaje da lakkol da asibitoci tagogi masu gilashi biyu. Tun 1999 kuma akwai hukuma mai zaman kanta, ACNUSA, da ke cin tarar kamfanin da ya karya ƙa'ida.

Ta huɗu dabarar Ingila ce ta 1993. Aka ba kowane samfurin jirgi maki gwargwadon ƙararsa, aka ce ga jimillar makin da za a kashe da dare a kowace kaka. Kamfani ya zaɓa: ko ya kawo mai ƙara guda, ko masu shiru huɗu. A Heathrow, tsakanin 11 da rabi na dare da 6 na safe, jirage 5,800 aka yarda da su a shekara, wajen 16 ke nan kowane dare. Wasu mazauna, wata Ruth Hatton a gabansu, sun kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Suka ci a 2001, aka juya hukuncin a 2003, babban zauren kotun ya ce gwamnati na da damar auna barcinsu da amfanin tattalin arzikin ƙasa.

Ta biyar, mafi tsada, ita ce a ɗauke filin. Japan ta cike teku ta gina tsibiri wajen kilomita 5 daga gaɓa, ta buɗe filin Kansai a 1994 don jirage su yi aiki dare da rana. Abin mamaki, garuruwan da suka yi shekaru suna neman a rufe Itami, da suka ga da gaske za a tafi da aikin yi da ciniki, sai suka sa hannu a 1990 a bar musu shi. Filin da ke hana su barci shi ne kuma ke ba su tuwo.

Akwai ma jirgin da ƙara ta karya wa kasuwa. Concorde, na Faransa da Ingila, ya fi sauti gudu. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja, 21 ga Janairu 1976, na Air France ya yada zango a Dakar kan hanyarsa ta zuwa Rio. Amma tun 1973 Amurka ta hana jiragen farar hula gudun da ya wuce sauti bisa ƙasarta, saboda tsawar da suke saki. Niyu Yok ma sai da aka sha shari'a kafin ya fara sauka a 1977. Hanyoyinsa suka taƙaita ga bisa teku, 14 kaɗai suka yi aikin jigila, aka ajiye shi a 2003.

Ina tsofaffin jiragen suka tafi?

A 1990 majalisar Amurka ta ƙulla wani ciniki. Kamfanoni za su fid da manyan jirage masu tsohon inji kafin ƙarshen 1999, su kuma masu filaye an ɗaure musu hannu, ba za su ƙara kafa sabon hani ba sai sun bi ta gwamnatin tarayya. Turai ta sa nata wa'adi, 1 ga Afrilu 2002. To jirgi dukiya ce mai tsada, mai iya shekara 30 tana aiki. Sai wasu kamfanonin Amurka suka ƙera wa tsohon inji wani takunkumi, kamar salansar babur, wanda ke rage ƙarar daidai yadda za ta tsallake jarrabawa da ƙyar. A 1999 Tarayyar Turai ta ce ba ta yarda a ƙaro mata masu takunkumi ba. Amurka ta ce wannan kariyar kasuwa ce aka sa wa rigar kare muhalli, tun da jiragen da takunkumin duk nata ne. Majalisar wakilanta ta yi barazanar hana Concorde sauka, gwamnatinta ta kai ƙara OACI a 2000.

Sulhun da aka yi a 2001 shi ne ƙa'idar da duniya ke bi yau. Kowane fili a duba shi shi kaɗai, a fara da rage ƙarar inji, da tsara filayen kewaye, da gyara yadda ake tashi da sauka. Hana jirage shi ne na ƙarshe, in sauran sun kasa. Da gwamnatin Holan ta ce a 2022 za ta rage jiragen filin Schiphol daga 500,000 zuwa 440,000 a shekara, da wannan ƙa'ida aka tare ta, har ta dakatar da shirin a ƙarshen 2023.

Jiragen da aka kora kuwa ba duka aka yanka ba. Darajarsu ta faɗi, suka yi araha, masu ƙaramin jari a Afirka da Kudancin Amurka da wasu sassan Asiya suka saya. Boeing 727, da 737 na farko, da BAC 1-11 na Ingila, sun ci gaba da aiki a sararinmu bayan Turai ta sallame su. A Nijeriya kamfanoni irin su Okada da Kabo sun yi jigila da BAC 1-11. Ta wani gefen an samu jirgi mai araha, mutane da yawa suka hau jirgi karo na farko. Ta ɗaya gefen, ƙarar da aka kora daga Landan ta sauka Legas da Kano.

Haka ma maganar dare. In filayen Turai suna rufe ko suna taƙaice da dare, kuma kamfanoni suna son jirgi ya isa da sassafe don fasinja su kama wasu jiragen, to sai ya baro inda ya fito da tsakar dare. Shi ya sa jiragen Turai da yawa ke tashi daga biranen Afirka ta Yamma lokacin da mutane ke barci. Indiya ta sha kai kukan wannan gaban OACI, tana cewa barcin wasu ne ake saye da na wasu.

Abin da kuɗin gida bai nuna ba

A watan Mayu na 1992 birnin Munich na Jamus ya rufe tsohon filinsa ya buɗe sabo cikin dare guda. Masu bincike suka bi yara fiye da 300 a wuraren biyu, kafin ƙaura da bayanta. Yaran tsohon wuri, da ƙara ta ɗauke, karatunsu da riƙon abu a ka suka gyaru. Na sabon wuri kuwa suka ja baya. Wani binciken da aka buga a 2005, kan ƴan lakkol na kusa da filayen Landan da Amsterdam da Madrid, ya samu irin wannan a fahimtar karatu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, reshen Turai, ta ba da shawarar kada ƙarar jirgi ta wuce desibel 45 a matsakaici, 40 da dare. Ka gwada da 65 ɗin Amurka ka ga tazara. Mai sayen gida bai san da wannan ba ranar da yake ciniki, don haka farashin gidan bai ƙunshe shi ba.

Namu rabon

Wani zai ce, mu da jirage nawa ma ke sauka Yamai a yini, balle Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ina ruwanmu da wannan? Gaskiya ne ƙarar jirgi ba ta cikin manyan damuwarmu yau, kabu-kabu da gurup sun fi ta damun kunne. Amma a duba tarihin nan da kyau. Heathrow da Orly da Itami duk a bayan gari aka kafa su. Gari ne ya taka ya iske su, jirage kuma suka ƙaru, sannan aka shiga biyan diyya da toshe tagogi da cike teku.

Kusa da mu ma an gani. Filin jirgin Kano ya fara aiki tun 1936, yau unguwanni sun kewaye shi. Ranar 4 ga Mayu 2002 wani BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, da yawansu suna cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu. Hanyar da ƙara ke bi, ita ce hanyar da hatsari ke bi. Dakar ta ɗauke filinta daga Yoff zuwa Diass a Disamba 2017, Wagadugu kuma ta daɗe tana faman gina sabo a Donsin saboda tsohon yana tsakiyar gari. A Yamai, filin Diori Hamani da aka sabunta a 2019 yana da unguwanni a jikinsa, har akwai wadda ke amsa sunansa.

Daga cikin dabarun nan duka, akwai waɗanda ba namu ba ne. Ba mu ƙera inji, ba mu da ƙarfin gindaya wa manyan kamfanoni sharaɗi mai tsanani, kada su ɗauke ƙafa. Tagogi masu gilashi biyu kuwa, a ƙasar da ake kwana tsakar gida watannin bazara, ba su da wani amfani. Wadda ke hannunmu ita ce ta fili, kuma ita ce mafi araha muddin an yi ta da wuri. A shata inda jirage ke bi wajen tashi da sauka, a zana taswirar ƙara, magajin gari ya daina yanka filayen kwana da na lakkol da na asibiti a wurin, a bar shi ga gonaki da ma'ajiyar kaya da masana'antu. Wanda aka hana gini a gonar gadonsa kuma a biya shi, don hukuncin Causby ke nan: in amfanin jama'a ya ci haƙƙin mutum guda, jama'a ke biya. Kuɗin na iya fitowa daga ɗan abin da za a aza bisa kowane tashin jirgi, na dare ya fi na rana, yadda Pigou ya faɗa.

Cikinmu akwai masu karatun shari'a, da na tattalin arziki, da na tsara birane, a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu kan takardun filaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da aka kawo muku taswirar sabuwar unguwa a gefen filin jirgi, kafin ku sa hannu ku tambaya ta ina jirgi ke tashi, kuma su wa za su kwana ƙarƙashinsa nan da shekara 30.